Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tsatsar Bututu Da Lafiyar Masu Shan Ruwan Famfo

Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. A garuruwanmu na kan iyaka, tun daga Birnin Ƙonni da Illela har zuwa Ɗan Isa da Jibiya, Magarya da Maigatari, ba baƙon abu ba ne famfo ya ɗauke ruwa, sannan ya dawo da shi cikin dare ko da asuba. Da farko sai ya yi ta huci yana fitar da iska, bayan nan ya tofo wani ruwa ja kamar an dama jar ƙasa, mai ƙarnin ƙarfe. Mata kan bar shi ya zuba a kwata, 'yan ga-ruwa su janye jarkokinsu su jira, da zarar ya washe kuma kowa ya tara nasa, a ce Alhamdu lillahi ruwa ya gyaru.

To, wannan jan ruwa da muka saba da shi har ya daina ba mu mamaki, saƙo ne daga ƙarƙashin ƙasa cewa bututun da ke kawo mana ruwa yana ruɓewa. Abin da muke so mu jawo hankalin mai karatu a kai shi ne, jan da ido ke gani shi ne mafi sauƙin matsalar. Abubuwan da ke kwantar da mutum a asibiti, ko su dakushe ƙwaƙwalwar yaro, suna zuwa ne cikin ruwan da ya washe garau, wanda ba shi da wari ba shi da ɗanɗano. Maganar kuwa ta shafe mu 'yan kasuwa ta fuska biyu, domin mu ne masu sayar da ƙanƙara da ruwan leda da zoɓo da kunu da abinci ga dubban mutane ranar kasuwa, kuma daga shagunanmu ne ake sayen bututu da kan famfon da ake haɗa wa gidaje.

Yadda tsatsa ke cin bututu

Yawancin manyan bututan da aka fara shimfiɗawa a tsofaffin biranenmu na ƙarfe ne, wasu tun zamanin Turawa. A Kano, alal misali, matatar ruwa ta Challawa ta fara aiki tun farkon shekarun 1930. Ƙananan bututan da ke shiga gidaje kuwa, kafin na roba su yawaita, na ƙarfe ne da aka shafe da tutiya don ta kare shi. Wannan shafe yana da iyaka. Idan ruwa da iska suka daɗe suna taɓa shi sai ya cinye, ƙarfen ya fito fili, tsatsa ta kama.

Daga ciki, tsatsar tana taruwa ne curi-curi har ta matse hanyar ruwa, ta yadda bututun da a da hannu zai shiga sai ya koma da ƙyar yatsa biyu su wuce. Shi ya sa za ka ga unguwar da ruwa ke hawa bene shekarun baya, yanzu sai an haƙa rami an sauke kan famfo ƙasa kafin a samu ɗigo. Daga waje kuma, ƙasa mai damshi da gishiri da ruwan kwata suna cin bututun har ya huje. Ruwan da ke da ɗan tsami, ko mai gishiri da yawa, ya fi saurin cin ƙarfe, kuma zafi irin na ƙasarmu yana ƙara wa abin sauri.

Bugu da ƙari, ɗaukewar ruwa da dawowarsa sun fi komai lahanta bututu. Bututun da ke cike kullum ya fi daɗewa a kan wanda yau ya jiƙe gobe ya bushe, kamar dai yadda kwanon rufi ya fi saurin cinyewa a inda ruwa ke kwanciya ya bushe. Sa'ilin da ruwa ya dawo da ƙarfi, sai ya kankare tsatsar da ta yi laushi ya kwaso ta zuwa randunanmu. Ita tsatsar ƙarfe a karan kanta ba ta cika yin illa ga jiki ba. Tana ɓata ɗanɗano, tana rina farin kaya, tana sa shinkafa da shayi su yi duhu, kuma masana sun nuna cewa ana fara jin ta da zarar ta haura miligiram 0.3 a lita guda. Illarta ta gaske tana ga abin da take buɗe wa ƙofa.

Ƙofar da tsatsa ke buɗewa

Duk wanda ya zaga bayan kasuwa ko tashar mota ya ga inda bututun ruwa ya ratsa ta cikin kwata, wani wurin an ɗaure shi da tsumma ko robar tayar keke. Muddin akwai ruwa a ciki da ƙarfinsa, ruwan ne ke fita ta hujin, asarar ta tsaya ga ɓarna. Amma da zarar an ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi, wato ruwan kwata da tsiyayar masai da na mahauta. Masu sa injin jan ruwa kai tsaye a jikin bututun gwamnati, don su riga maƙwabta cika tanki, suna ƙara ƙarfin wannan zuƙa ba tare da sun sani ba. Idan ruwa ya dawo, duk abin da ya shiga sai ya rarrabu gida-gida.

Mai karatu zai iya cewa ai ana zuba magani a matata. Haka ne, ana zuba sinadarin kulorin, kuma ƙa'idar ita ce a samu saurarsa, aƙalla miligiram 0.2 a lita, har a bakin famfo na ƙarshe, domin ya kashe duk ƙwayar cutar da ta kutsa a hanya. To sai dai tsatsa tana shanye kulorin. Ruwan da ya bar matata da isasshen magani, kafin ya ratsa tsohon bututu na kilomita da yawa ya isa unguwannin gefe, sau da yawa maganin ya ƙare. Curin tsatsar nan kuma maɓoya ce ga ƙwayoyin cuta, inda magani ba ya isa gare su. Ke nan ana iya samun ruwa mai kyau a matata, takardun gwaji su nuna haka da gaskiya, amma wanda ya isa gida ya zama wani abu daban.

Cututtukan da ke bin wannan hanya mun san su: taifot, atuni, shawara, da uwa-uba amai da gudawa. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Yulin 2018 kwalara ta ɓulla a gundumar Madarumfa ta jihar Maraɗi, dab da iyakar Jibiya, kuma kafin a shawo kanta ta kama sama da mutum 3,000 a Nijar, fiye da 70 suka riga mu gidan gaskiya. A 2021 kuma ta sake dawowa, inda a Nijeriya kaɗai aka ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu. Kwalara na shiga ne ta ruwa ko abincin da najasa ta taɓa, ta rijiya ko tafki ko hannu, kuma hujajjen bututu a cikin kwata ɗaya ne daga cikin ƙofofinta. Ba ta kuma tsayawa a shingen kwastan. Ledar ƙanƙarar da aka ɗaura a wannan gefen, kafin azahar an sha ta a wancan gefen.

Darasi daga birnin Filint

Kada wani ya ɗauka wannan matsala ce ta matalautan ƙasashe kawai. Misalin da ya fi fito da ita fili a wannan zamani ya faru ne a Amurka, a birnin Filint na jihar Mishigan, mai mutane kimanin 100,000. A watan Afrilun 2014, don rage kashe kuɗi, mahukuntan da jiha ta naɗa su gudanar da birnin suka daina sayen ruwa daga birnin Ditiroit, suka koma ɗibar na kogin Filint. Ruwan kogin ya fi cin ƙarfe, kuma ba a zuba masa sinadarin fosfet ba, wanda ke yi wa cikin bututu wani siririn shafe da ke raba ruwa da ƙarfe. Ƙiyasin da aka yi ta ambata shi ne cewa kuɗin wannan sinadari bai wuce kimanin dalar Amurka 100 a rana ba.

Nan da nan ruwa ya fara fitowa ja yana wari, jama'a suka yi ta kai kuka da kwalabe a hannu, hukumomi suna cewa lafiya lau ne. A watan Oktoban 2014 kamfanin motoci na General Motors ya daina amfani da ruwan a masana'antarsa, saboda yana sa sassan inji tsatsa. Ruwan da aka ga bai dace da inji ba, mutane suka ci gaba da shan sa har shekara guda bayan haka. Abin da ba a gani ba shi ne, dubban gidajen birnin an haɗa su da babban layi ne da tsofaffin bututan dalma, kuma ruwan ya kankare shafen da ya rufe su shekara da shekaru, dalmar ta narke ta shiga ruwan sha.

Sai a watan Satumban 2015 wata likitar yara, Dakta Mona Hanna-Attisha, ta fito da sakamakon gwajin jini da ke nuna cewa adadin ƙananan yaran da dalma ta yi yawa a jininsu ya kusan ninkawa. Da farko an ƙaryata ta, daga baya aka yarda. A watan Oktoba aka koma ruwan Ditiroit, a watan Janairun 2016 shugaba Barak Obama ya kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin. A tsakanin wannan lokaci wata cutar huhu da ƙwayar Lejiyonela ke haddasawa ta kashe aƙalla mutum 12, kuma masu bincike sun danganta ta da ƙarancin kulorin a cikin bututan. A 2021 kotu ta amince da diyyar dalar Amurka miliyan 626, aikin canza bututan dalma kimanin 11,000 kuwa bai kammala ba sai a 2025. Wannan a ƙasar da ke da kuɗi da kotuna da ɗakunan gwaji ke nan. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dalma a kasuwanninmu

Mu a nan ba mu da tarin bututan dalma irin na Filint, amma wannan bai sa mun tsira ba. Dalma na ɓoye a cikin kan famfo da mahaɗai na tagulla, da abin da ake liƙe bututu da shi, har ma da shafen tutiyar wasu bututan ƙarfe. Masu ƙera tagulla na zuba mata dalma ne don ta yi sauƙin sarrafawa, kuma wadda aka narka daga tarkacen ƙarafa babu mai sanin abin da ke cikinta. Wani bincike da masana daga jami'ar Karolina ta Arewa da ke Amurka suka wallafa a 2021 ya duba famfunan tuƙa-tuƙa da famfunan unguwa guda 261 a ƙasashen Gana da Mali da Nijar. Sun tarar mafi yawansu na da aƙalla sashe guda mai dalma fiye da ƙa'ida, kuma kimanin kashi 9 cikin 100 na ruwan da suka gwada ya haura iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato maikirogiram 10 a lita. Maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, ƙanƙantar da ido ba zai taɓa gani ba. Hukumar ta kuma bayyana cewa babu wani mizanin dalma a jini da aka tabbatar ba ya cutarwa.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a gaya musu abin da dalma ke yi. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400. Wancan daga ƙurar niƙan duwatsun zinari ne a cikin gidaje, kuma yawanta ya sa illar ta bayyana cikin gaggawa. Ta cikin ruwa kuwa a hankali take yi, kaɗan-kaɗan kullum. Yaro zai taso ba ya riƙe karatu, jininsa ya yi ƙaranci, girmansa ya ja baya, a ce dakiki ne ko a ce iska ce, babba kuma ya gamu da hawan jini ko ciwon ƙoda. Mai juna biyu tana miƙa wa abin da ke cikinta. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da dalma, hasali ma idan ruwan ya ƙone ya ragu, yawanta a cikin sauran ƙaruwa yake yi.

Mutanen jihar Maraɗi kuma ba su manta da Tibiri ba, inda tun daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa wajen 2000 jama'a suka sha ruwan famfon da sinadarin fuloraid ya yi wa yawa, ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da lalatattun haƙora. Sinadarin daga ƙarƙashin ƙasa ya fito, ba daga tsatsa ba, amma darasin ɗaya ne: ruwan fari ne tas, kuma shekaru suka shuɗe kafin a gane. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Wa ke da alhakin gyara?

A Nijar, tun gyaran da aka yi wa fannin a 2001, kamfanin SPEN ne ke riƙe da kadarori da manyan ayyuka, yayin da SEEN, wanda kamfanin Veolia na Faransa ke da rinjayen jari a ciki, ya yi aikin rarraba ruwa har ƙarshen 2023. Daga farkon 2024 kamfanin ƙasa na NDE ya karɓi aikin. A Nijeriya kuma kowace jiha da hukumar ruwanta. Canjin suna ko na mai riƙo ba ya rage wa bututu shekaru, domin wanda ya gaji gida ya gaji har da ɓarakarsa.

A ganinmu, tushen matsalar yana ga yadda ake zaɓen aikin da za a kashe wa kuɗi. Sabon tankin sama ko sabuwar rijiyar burtsatse ana ganin su, ana yanka musu ƙyalle, a ɗauki hoto. Canza bututun da ke binne kuwa tsada gare shi, ga fasa titi da tare hanya, kuma idan an gama an rufe babu abin nunawa. Don haka sai a riƙa ƙara sabbin unguwanni a kan tsohon layi, ana ƙara masa nauyin da ba don shi aka yi shi ba. Ruwan da ke tsiyaya a hanya an kashe kuɗin tace shi da turo shi, amma babu mai biya, kuɗin gyara ya ragu, tsiyaya ta ƙaru. Mu kuma masu amfani da ruwan ba mu fita daga zargi ba, domin kowane haɗin sata sabon huji ne, kuma kowace takardar kuɗin ruwa da aka ƙi biya, musamman ta manyan ma'aikatu, tana rage abin da za a sayi bututu da shi.

Abin da ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su nema daga magadan gari da hukumomin ruwa a bayyane yake. A riƙa gwada ruwa a bakin famfunan kasuwa da tasha da unguwannin ƙarshen layi, a duba saurar kulorin da ƙwayoyin cuta da dalma, a kuma liƙa sakamakon inda kowa zai karanta. A fitar da tsarin canza bututu mai wa'adi, a fara da waɗanda suka ratsa kwata. Hukumomin kula da ingancin kaya na ɓangarorin biyu kuma su sa ido a kan kayan famfon da ke shigowa, kamar yadda ake sa ido a kan magunguna.

Abin da ke hannunmu

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ba sai mun jira kowa ba. Ruwan farko da ya fito bayan ɗaukewa, ko wanda ya kwana a bututu, a bar shi ya zuba na 'yan mintoci a tara don wanki da shara, kada a sha, kada kuma a dama wa jariri koko ko madara da shi. Mai yin ƙanƙara ko zoɓo ko lemu ya tafasa ruwansa, ko ya sa ƙwayar tsabtace ruwa irin su Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikin kwalinta, ya jira minti 30, domin sanyin firji ba ya kashe ƙwayar cuta, adana ta yake yi. A riƙa wanke tanki da jarka da randa. Wanda bututunsa ya bi ta kwata ya kira mai gyaran famfo ya ɗaga shi, kuɗin bai kai na kwana biyu a gadon asibiti ba. Wanda ya koma bututun roba ya binne shi da zurfi, domin ko da ba ya tsatsa, rana na sa shi ƙeƙashewa, nauyin manyan motoci kuma na fasa shi.

Sai mu masu shagunan kayan gini. Mun san bambancin kaya mai hatimin inganci da wanda ba a san asalinsa ba, mun kuma san wanda ya fi saurin fita. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma mai sayen kan famfo bai san abin da ke cikin tagullar ba, amana ce ya ba mu. Mu tambayi dillalanmu na Kano da Legas da Kwatano takardar shaidar kaya, mu gaya wa mai saye gaskiyar bambancin, mu bar shi ya zaɓa da saninsa. Kan famfon da muka sayar yau zai iya shekara 20 yana shayar da gida, kuma ba mamaki a cikin yaran da za su sha har da jikokinmu, tunda auratayya ta haɗa garuruwan nan tun kafin a shata iyaka.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.